Ƙusumbin da tarin fuka ya bari: lamarin yaro ɗan shekara shida

Yaro ne ɗan shekara shida, nauyinsa kilo 15. Mahaifiyarsa ta kawo shi asibiti saboda wani ƙullutu mai tauri da ta ji a tsakiyar bayansa tana yi masa wanka. An tattaro wannan lamari ne daga abin da ya fi maimaituwa a ɗakunan duba masu ciwon ƙashi, shi ya sa babu suna babu gari, kuma awon da za a ambata irin wanda ake samu ne ga yaro mai wannan hali.

Da aka bi diddigi, ciwon ya kai wata biyar. Ya fara da daina wasa. Daga nan sai kukan dare: yana cikin barci sai ya farka da ƙara, a lallashe shi ya koma, can ya sake. Dalilin wannan kuka sananne ne. Da rana naman baya yana ɗaurewa ya riƙe wurin da ke ciwo kamar an ɗaura masa kara, idan barci ya yi nisa naman ya saki, ƙasusuwan da suka lalace su gogi juna. Ga zazzaɓin yamma da aka yi wa maganin cizon sauro har sau uku, ga rama, ga rashin cin abinci. A gida an ɗora laifin a kan faɗuwar da ya yi daga bayan yayarsa, aka kai shi wurin mai ɗori, aka matsa wurin aka ɗaure, wanzami kuma ya yi masa tsaga. Kusan kowane gida yana da labarin faɗuwa irin wannan, domin babu yaron da bai taɓa faɗuwa ba, kuma wannan labarin ne ke cinye watannin da suka fi daraja.

Tambaya ɗaya ce ta buɗe hanya. "Mama, akwai mai tari a gidan?" Ta ce, "Kakansa ne, likita, ya kusa shekara yana yi, kuma ɗaki ɗaya suke kwana."

An jefa murfin biro a ƙasa aka ce ya ɗauko. Bai sunkuya ba. Ya tsuguna a hankali, baya a miƙe kamar sanda, hannu ɗaya dafe da gwiwa. Ƙullutun yana ƙasa da tsakanin kafaɗu, tsini gare shi kamar gwiwar ɗan yatsa, idan an ƙwanƙwasa ya zabura. Ƙarfin ƙafafu lafiya lau, yana jin taɓi har tafin sawu, fitsari da bayan gida suna hannunsa. An laluba gefen ciki da gindin cinya ko mugunya ta gangaro, ba a samu komai ba.

Abin da ya faru a cikin ƙashin

Gaɓoɓin ƙashin baya na sashen ƙirji goma sha biyu ne, ana ƙirga su daga T1 zuwa T12, kowacce tana ɗauke da haƙarƙari biyu. Gaban kowace gaɓa curi ne na ƙashi mai ɗaukar nauyi, tsakanin curi da curi akwai faifan guringuntsi, a bayansu akwai ramin da laka ke bi, sai ƙananan maƙalai biyu da ke haɗa gaɓa da 'yar'uwarta ta baya. Ko a mai lafiya wannan sashe yana da ɗan lanƙwasa zuwa gaba, tsakanin digiri 20 zuwa 40.

Ƙwayar tarin fuka tana shiga ta huhu, jini ya kai ta curin gaba, wurin da jini ya fi yawa, ta zauna a gefen faifan ta fara ci. Ba ta cika taɓa bayan gaɓar ba. To, an cinye gaba, baya yana tsaye, nauyin jiki yana dannawa: curin sai ya burme ya koma kamar bakin gatari, abin da ke sama ya rusuna, ƙashin bayan wurin ya turo fata. Wannan shi ne ƙusumbi mai tsini. Likitan tiyata na Landan, Percivall Pott, ya bayyana shi tare da shanyewar ƙafafun da ke biyo shi a 1779, shekara ɗari da uku kafin Robert Koch ya gano ƙwayar a 1882. Kusan rabin tarin fukan da ke kama ƙashi da gaɓoɓi a ƙashin baya yake sauka, kuma ya fi son ƙasan sashen ƙirji da mahaɗarsa da ƙugu.

Siffar doron tana taimakawa wajen rarrabewa. Na rashin iya zama yana miƙewa idan yaro ya kwanta rubda ciki. Na ciwon da ake kira Scheuermann a lokacin balaga yake fitowa, zagayayye ne, hoto kan nuna gaɓoɓi uku a jere kowacce ta tsuke ta gaba da digiri 5 ko fiye. Mai laushin ƙashi na ƙarancin sinadarin kalsiyam, wanda aka yi nazarinsa sosai a Jos, za a ga wuyan hannu ya kumbura, ƙafafu sun gwame, ga 'yan ƙulle-ƙulle a jere a mahaɗar haƙarƙari kamar carbi. Doro mai tsini mai ciwo tare da zazzaɓi da rama, a ƙasar da tarin fuka ya yi yawa kamar Najeriya, tarin fuka ne har sai an tabbatar da akasin haka. Duk da haka a tambayi sikila, a tambayi shan ɗanyar madara, domin akwai cututtukan shanu da ke kama ƙashin baya.

Gwaje-gwaje da awo

Hoton ƙashi ta gefe ya nuna gaɓoɓi uku sun taɓu: T10 ta tafi kusan gaba ɗaya, an ci rubu'in T9 da rubu'in T11, jimilla gaɓa ɗaya da rabi. Don auna lanƙwasar, ana ja layi a saman gaɓa mai lafiya ta farko da ke sama da ɓarnar, a ja wani a ƙasan mai lafiya ta farko da ke ƙasa, a auna kusurwar da suka haɗa. An samu digiri 34. Ya kamata a san cewa hoton ƙashi makararre ne, ba ya nuna komai sai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ƙashin ya zube. Yaron da aka ɗauka a watan farko aka ce hotonsa lafiya, ba a wanke shi ba. Hoton MRI, wanda ke nuna nama da laka ba ƙashi kaɗai ba, shi ne ke gani da wuri, kuma a nan ya nuna mugunya kwance a gefen gaɓoɓin, ta ɗan taɓa laka ba ta matse ta ba.

Allurar gwajin tarin fuka ta fata ta tashi milimita 14 bayan awa 72. Gwajin ƙanjamau bai nuna komai ba, jininsa ya yi ƙasa. Ƙananan yara ba su cika iya fitar da kaki ba, don haka aka zuƙo mugunyar da allura aka sa a na'urar GeneXpert, wadda ke ba da amsa cikin kamar awa biyu. Ta ga ƙwayar, ta kuma nuna maganin rifamfisin zai ci ta. Inda babu halin zuƙowa, ba a jinkirta magani saboda jiran hujja idan labari da hoto sun yi daidai.

Akwai lissafin da likitan ƙashin baya na Indiya, Rajasekaran, da abokin aikinsa suka fitar a 1987 don hasashen inda lanƙwasar za ta tsaya: a ninka adadin gaɓar da ta zube da 30.5, a ƙara 5.5. Gaɓa ɗaya da rabi ta ba da kusan digiri 51. Lissafin ya fi cika alkawari ga manya, waɗanda ƙashinsu ya gama girma. Ga yaro kuwa ba a dogara da shi, domin girma yana iya canza lanƙwasar.

Magani

Ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga tarin fukan ƙashi a yara wata goma sha biyu ne: wata biyu na magani huɗu, wata goma na biyu. A kan kowane kilo a rana, rifamfisin miligiram 15, isoniyazid 10, firazinamayid 35, itambutol 20. Ƙwayar yara mai narkewa a ruwa ta haɗa uku na farko, miligiram 75 da 50 da 150, itambutol kuma daban, 100. Mai kilo 12 zuwa 15 yana shan uku-uku, mai 16 zuwa 24 huɗu-huɗu. Yaronmu ya fara da uku, a wata na biyu sikeli ya nuna kilo 16 da rabi aka mai da shi huɗu. Saboda haka ne ake hawan sikeli duk wata, don yaron da ke murmurewa yana iya girman maganinsa ba a lura ba. Ana sha da safe kafin karin kumallo, an haɗa masa da bitamin B6 saboda ramarsa. Maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.

An gaya wa uwar tun ranar farko cewa fitsari zai yi ja-ja kamar ruwan manja, wannan ba komai ba ne. Amma idan ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, a dakata a dawo ranar, hanta ce. An sa masa rigar roba mai tauri daga ƙirji zuwa ƙugu don rage ciwo da hana sunkuyo. Rigar ba ta mai da doro, kuma gara a faɗi haka tun farko. An gwada kakan, aka same shi da cutar aka sa shi a magani, ƙannen yaron biyu 'yan ƙasa da shekara biyar aka ba su maganin rigakafi.

Barin tiyata a wannan mataki daidai ne. Gwaje-gwajen da majalisar binciken likitanci ta Birtaniya ta gudanar a Koriya da Bulawayo da Hong Kong da Madras sun nuna magani kaɗai yana warkar da mafi yawan masu wannan ciwo suna yawo da ƙafafunsu, kuma dogon kwanciya ko rigar filasta ba su ƙara wani abin kirki ba. Ana shiga tiyata tun cutar na da rai idan ƙafafu suna ƙara mutuwa duk da mako uku zuwa huɗu na magani, ko fitsari ya kuɓuce, ko ƙashin ya rasa mariƙa, ko lanƙwasar ta nufi digiri 60.

Cikin mako shida kukan dare ya ɗauke. Ya kammala wata goma sha biyu bai tsallake ba, nauyi kilo 19, lanƙwasa digiri 48. Aka rubuta ya warke, aka sallame shi.

Inda aka yi sake

Cutar ta warke, wannan gaskiya ne. Amma a hoton ranar sallama akwai abin da ba a nema ba. Rajasekaran ya bi yara masu wannan ciwo shekara goma sha biyar, ya ga kusan huɗu cikin goma doronsu yana ci gaba da ƙaruwa bayan ƙwayar ta mutu, wasu kamar haka yana raguwa, sauran ya tsaya cik. A 2001 ya bayyana alamomi huɗu da ke nuna wanda zai lalace: maƙalan baya sun rabu da juna a kan tsinin; ragowar gaɓar da ta ruɓe ta zame baya wajen laka; gaɓar sama ta goce gefe a hoton gaba; gaɓar sama mai lafiya ta kife gaba har goshinta yana neman taɓa saman ta ƙasa. Duk mai biyu daga ciki yana cikin haɗari, musamman ɗan ƙasa da shekara goma da cutar ta ci masa gaɓa uku. Yaronmu yana da biyu na farko.

Dalilin ƙaruwar shi ne girma. Wuraren da curin gaba ke tsiro da su sun mutu, na baya suna nan suna tsawo kowace shekara. Gefe ɗaya na tsawo ɗaya na tsaye, sandar dole ta lanƙwashe, kuma da zarar maƙalan baya sun saki babu birki. Da an gani a lokacin, aikin da ake bukata ƙarami ne: a kafa kusoshi masu murɗi a gaɓoɓi biyu sama da biyu ƙasa ta baya, a haɗa da sanduna, a zuba dashen ƙashi, a tsayar da girman bayan. Ko ba a yi aikin nan take ba, hoto duk wata shida zai kama shi yana digiri 55 ko 60. A ganinmu kalmar "ya warke" ita ce ta fi kowace yin ɓarna a wannan lamari, domin iyaye sun ɗauke ta yadda aka faɗa musu, kuma ba laifinsu ba ne.

Dawowa, da abin da ya sami ƙirji

Bayan shekara uku da rabi aka dawo da shi, yana shekara goma da rabi, kilo 22. Kukan uwar yanzu na numfashi ne: ba ya kai wa makaranta sai ya huta sau biyu, ciwon huhu ya kwantar da shi sau biyu a damina ɗaya, ɗan abinci kaɗan ya ce ya ƙoshi. Takalminsa ya cinye ta gaba, alamar yana jan yatsu.

Lanƙwasa digiri 88. Da aka cire riga, ƙirjin ya ba da labarinsa. Haƙarƙarin da ke maƙale da gaɓoɓin da suka burme sun cunkushe waje ɗaya, da ƙyar ɗan yatsa ke shiga tsakaninsu. Ƙirjin ya gajarce daga sama zuwa ƙasa, ya tsuke ta gefe, ƙashin tsakiya ya turo gaba kamar na tattabara. Haƙarƙarin ƙasa sun sauko suna gogar ƙashin ƙugu, har fatar wurin ta yi kanta. Kayan ciki da suka rasa wuri sun tura tantanin numfashi sama. An zagaya tef a ƙirjinsa, tsakanin cikakken shaƙa da cikakken fitarwa bambancin bai kai santimita biyu ba.

Huhun kansa lafiyayye ne, akwatin ne ya yi masa kaɗan. Haƙarƙari yana aiki kamar mariƙin bokiti, ya ɗaga ƙirji ya buɗe, waɗannan kuwa sun maƙale. Ga shi ƙananan jakunkunan iska na huhu suna ci gaba da ƙaruwa har wajen shekara takwas, don haka matsewar ta same shi yana kan gini. Gwajin hura iska ya nuna kashi 52 cikin ɗari na abin da ake sa rai ga tsaransa. Iskar jininsa kashi 94 cikin ɗari a zaune, 88 bayan tafiyar minti shida. An duba zuciya ma, domin idan ƙarancin iska ya daɗe, jijiyoyin huhu suna tsukewa, ɓangaren dama na zuciya ya gaji, ƙafafu su kumbura. Tasa ba ta kai nan ba.

A ƙafafu kuwa, an buga gwiwa ta zabura fiye da kima, an tura tafin sawu sama ya yi ta karkarwa. MRI ya nuna laka ta miƙe a kan tsinin ƙashin ciki kamar igiya a bakin rijiya, ta sirance. Wannan shanyewa ta bayan shekaru ta fi ta farkon ciwo muni. Ta farko mugunya ce ke matsawa, magani ko kwashewa yana sakinta. Wannan kuwa ƙashi ne busasshe, ba maganin sha da zai taɓa shi.

Gyara

Irin wannan aiki sai cibiyar da ke da likitan ƙashin baya, da ɗakin kulawa ta musamman, da bankin jini. A arewacin Najeriya Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana cikin wuraren da ake tura masu lalurar ƙashin baya. A Gana, asibitin FOCOS da Dokta Oheneba Boachie-Adjei ya kafa a Pantang kusa da Akara ya yi suna wajen doro mai tsanani, har daga Habasha ake kai masa yara.

An fara da shiri. Abinci mai gina jiki sau biyar a rana kaɗan-kaɗan, atisayen hura iska, da ja ta kai. Ana ɗaura zoben ƙarfe a ƙoƙon kai da kusoshi shida zuwa takwas, a rataya nauyi ta kura a saman gado da keke da abin tafiya. An fara da kilo biyu, ana ƙara rabin kilo zuwa kilo ɗaya a rana, har kilo tara, tsawon mako takwas. Kullum sai an duba motsin ido hagu da dama, fitar da harshe, haɗiya, da ƙarfin hannu da ƙafa, idan ɗaya ya canza a rage nauyin nan take. Ana wanke gindin kusoshin kullum don suna yin ruwa su yi sako-sako. Tsinin da ya riga ya haɗe bai motsa sosai ba, daga 88 zuwa 74 kawai, amma ƙirji ya buɗe, hura iska ta kai kashi 60, nauyi ya ƙaru da kilo biyu.

Aikin ta baya aka yi. Kusoshin titaniyam a gaɓoɓi uku sama da uku ƙasa. Aka yanke kawunan haƙarƙarin da ke tsinin, santimita uku zuwa huɗu kowanne, don a sami hanyar zagayawa gaba. Kafin a taɓa ƙashin tsakiya sai an ɗaura sandar wucin gadi a gefe ɗaya, domin da zarar an cire shi babu abin da ke haɗa sama da ƙasa sai laka. Aka kankare tsinin har laka ta saki, aka sa kejin ƙarfe cike da garin haƙarƙarinsa a gaba, sannan aka rufe gibin kaɗan-kaɗan ana sauya sanduna. Duk wannan ana kallon na'urar da ke bin saƙon jijiya daga kai zuwa ƙafa. Inda babu ita, ana rage maganin barci a ce wa yaro ya motsa yatsun ƙafa. Ba a neman miƙewa ɗari bisa ɗari, lakar da ta sirance ba ta jure ja ko naɗewa. An tsaya a digiri 42.

Yaro mai kilo 24 jinin jikinsa duka bai kai lita biyu ba, aikin kuma yana iya shan rabinsa, don haka jini yana ajiye kafin a sa wuƙa. Tantanin huhu ya ɗan yage wurin cire haƙarƙari, aka sa robar ƙirji kwana uku. Sauran abubuwan da ake tsoro su ne shanyewa gaba ɗaya, ruɓewar rauni, karyewar sanda idan dashen bai kama ba, da sabon doro a saman inda ƙarfen ya ƙare.

Ya tashi tsaye a kwana na huɗu, ya sa rigar roba wata shida. Karkarwar sawu ta ɗauke cikin wata huɗu, zaburar gwiwa ta rage ba ta tafi duka ba. Bayan shekara ɗaya hura iska tana kashi 64, haƙarƙari sun bar ƙashin ƙugu, ƙashin ƙirji yana nan a turo, gangar jikinsa kuma za ta kasance gajeriya a kan ƙafafunsa. An hana shi ɗaukar jarkar ruwa a ka da dambe da kokawa, an bar masa tafiya da keke. A katinsa an rubuta hoton gefe a tsaye da gwajin ƙafafu duk wata shida, a matso da shi duk wata huɗu idan tsiron balaga ya fara, har sai hoton ƙugu ya nuna ƙashi ya gama girma. An karanta wa mahaifinsa abubuwa uku da za su sa a dawo ba tare da jiran rana ba: tuntuɓe ko jan ƙafa, fitsarin kwance da ya dawo, da ruwa ko kumburi a kan tabon.